Hasashen damina ya daina tsayawa a kan wata, ya sauko kan awa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hadari daga gabas yake tasowa, kuma galibi bayan rana ta gasa ƙasa, daga la'asar zuwa dare. Ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗauke da laima ta tashi sama, girgije ya haɗu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, hadarin da ya haɗu da yamma a kan tsaunukan Jos ko duwatsun Azbin ba ya tsayawa inda aka haife shi. Yamma yake nufa, yana tafe cikin dare, shi ya sa mutanen Yamai sukan sha ruwa da asuba, na hadarin da ya taso tun jiya daga nesa.

Wannan tsari na yini ɗaya yana ƙarƙashin wasu manya. Akwai kaɗawar iska daga gabas da ke ratsa yankin Sahel duk bayan kwana 3 zuwa 5, ita ke tsara ranakun da hadari zai yi ƙarfi. Akwai kuma tarin gizagizai da ke kewaya yankin tsakiyar duniya cikin kwana 30 zuwa 60, wanda masana Madden da Julian suka gano a 1971. In ya zo kanmu sai ruwa ya yawaita, in ya wuce sai a shiga kwanakin da manomi ke ɗaga kai sama yabanya na yaushi. Can sama da su duka akwai El Nino, ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke dawowa bayan shekara 2 zuwa 7. Ya zo a 1972, ya zo a 1982 zuwa 1983, kuma dattawanmu ba su manta farin da ya biyo baya ba. Ban ce shi kaɗai ke da laifi ba. Zafin tekun Atlantika ma na da hannu. Amma teku da ba mu taɓa gani ba yana taɓa gonar gero a Daura.

To ina amfanin wannan sani ga talaka? A nan nake da magana da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet. Tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana faɗin lokacin faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa, kuma hakan abin yabo ne. Sai dai manomin da zai zuba taki ko ya yi feshi ba wata yake tambaya ba. Tambayarsa ita ce: yau da yamma za a yi ruwa? Buhun takin da ya sayo da kuɗin bashi, ruwan dare ɗaya ya isa ya wanke shi zuwa kwari. Matar da ta shanya shinkafa a bakin titi ma awa take buƙata.

Ilimin da ke gano tafiyar gizagizan nan kwanaki kafin su iso yana nan. Abin da ya rage a kawo shi cikin Hausa, ta rediyo da saƙon waya, kullum safe, gari-gari. Gwamnatocin jihohin Arewa su sa kuɗi a wannan aiki kafin damina mai zuwa ta faɗi.