Abin Motsa Baki a Tsarin Abincin Mutanen Farko

Tsarin abincin mutanen farko, wanda aka fi sani da Faliyo, hanya ce ta cin abinci da ta samu karɓuwa a Amurka da Turai. Manufarsa ita ce mutum ya koma ga irin abin da ɗan Adam ya rayu a kai kafin ya fara noma da kiwo, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, zamanin da abinci ke samuwa ta hanyar farauta da kamun kifi da tsinkar 'ya'yan itace da tonon saiwa. Wani likita Ba'amurke, Walter Voegtlin, ya fitar da littafi kan wannan ra'ayi a 1975. A 1985 Boyd Eaton da Melvin Konner suka gabatar da ra'ayin a mujallar likitoci ta New England, sannan Loren Cordain na Jami'ar Jihar Kolorado ya yaɗa shi ga jama'a da littafinsa na 2002.

Ƙa'idar tsarin a fili take. Ana cin nama da kifi da ƙwai da ganyayyaki da 'ya'yan itace da ƙwayoyin itatuwa. Ana barin hatsi kowane iri, da dangin wake, da nono da abin da ake yi da shi, da sukari, da abincin da masana'anta ta sarrafa. Gishiri kuma ana rage shi ƙwarai.

Inda masu bin tsarin suka fi shan wuya shi ne tsakanin abinci da abinci. Yunwar hantsi ko ta la'asar kan samu mutum a wurin aiki ko a kan hanya, kuma abin da ke kusa da hannu yawanci biskit ne ko cincin ko lemon kwalba. A ƙasar Hausa ƙosai da masa da awara da alale da fura da nono duk sun fita daga lissafi, domin ba wanda ya kuɓuta daga wake ko hatsi ko nono. Duk da haka kasuwannin wannan yanki cike suke da abin da ya dace, kuma da arha.

Rukuni na farko kuma mafi sauƙi shi ne 'ya'yan itace, tunda ba su buƙatar wuta. Akwai ayaba da gwaiba da gwanda da kankana da mangwaro da lemu. Akwai kuma na daji, waɗanda su ne ma suka fi kusa da manufar tsarin: goruba da kanya da magarya da ɗinya da aduwa da giginya, kowanne da lokacinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da ganyayyaki a rana, kuma motsa baki da su hanya ce ta cika wannan awo.

Na biyu shi ne aya da dabino da kwakwa, haɗin da kowane mai baro ya san darajarsa. Aya saiwa ce da ke nuna a cikin ƙasa, ba dangin wake ba, don haka tsarin ya amince da ita, kuma tsohuwar cima ce da aka samu har a kaburburan Misirawan dā. Busasshiyar aya ana tsince mata tsakuwa, a wanke, a jiƙa ta kwana. Da safe za ta kumbura ta yi taushi, ta yi daɗin tauna. Kunun aya ma yana shiga, muddin dabino ne ya ba shi zaƙi ba sukari ba.

Daga wannan rukuni ake yin dunƙulen da ke maye gurbin alawa. Ana cire ƙwallon dabino, a soya riɗi sama-sama a busasshen kasko har ya fara tsalle yana ƙamshi, a zuba su a turmi da ɗan gogaggiyar kwakwa, a kirɓa har su kama jiki. Sai a mulmula ƙanana a ajiye a mazubi mai murfi. Biyu ko uku sun isa su riƙe mutum zuwa lokacin abinci. Ƙwayar kashu ma tana shiga, tafin hannu guda ya wadatar.

Na uku shi ne abin da ke gina jiki, kuma shi ya fi daɗewa a ciki. Dafaffen ƙwai ne kan gaba. Minti 10 cikin tafasasshen ruwa ya isa, in an tsoma shi a ruwan sanyi ɓawon zai fita ba gardama, kuma ƙwai ɗaya na ɗauke da kusan giram 6 na furotin. Balangu da gasasshiyar kaza da bandar kifi duk sun dace. Haka ma fara, wadda ake ci sosai a Nijar da Borno.

A nan ne ake buƙatar lura, domin gyaɗa dangin wake ce, kuma tana ɓoye cikin abubuwa da yawa. Tsire da ƙuli-ƙuli ake shafe shi, kilishi kuma a cikin tunkuza ake tsoma shi kafin a sake shanyawa. Yajin da ake barbaɗawa a nama ma sau da yawa akwai ƙuli a ciki. Mai bin tsarin sau da ƙafa zai nemi naman da ba a shafa wa komai ba, ya haɗa nasa yajin da barkono da citta da masoro da tafarnuwa.

Na huɗu shi ne ganye da saiwa. Karas da kokwamba da gurji da yalo wankewa kawai suke so. Dankalin Hausa ana turbuɗa shi cikin toka mai zafi har ya nuna, ko a dafa tun da dare. Kwaɗon zogale ko na rama yana yiwuwa idan aka sa dakakken riɗi a madadin ƙuli-ƙuli, da tumatir da albasa da ɗan lemon tsami. Muruci ma abin tafiya ne mai ƙosarwa.

Sirrin samun sauƙi shi ne shiri tun da wuri. Wanda ya dafa ƙwai ya jiƙa aya da dare, ya ƙulla rabon gobe ya sa a jaka, yunwa ba za ta kai shi teburin mai biskit ba.

Akwai iyakokin da ya wajaba a sani. Fiye da rabin nauyin busasshen dabino sukari ne, saboda haka mai ciwon sukari ya ci da awo, haka ma zuma, wadda ba a ba jaririn da bai shekara ba. Nama da busasshen kifi sukan zo da gishiri mai yawa, alhali awon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar bai kai giram 5 a rana ba. Barin nono na iya rage sinadarin kalsiyam da ke ƙarfafa ƙashi, sai a cike gurbin da riɗi da zogale da ƙananan kifayen da ake ci da ƙayarsu.

Masana kuma sun nuna cewa mutanen farko ba cima ɗaya suka yi ba. A Ohalo, bakin Tafkin Tabariya, an gano shaidar cin hatsin daji tun kimanin shekara 23,000 da suka wuce. Gero da dawa da wake kuwa abinci ne mai amfani da miliyoyin mutane suka dogara da shi. Don haka mace mai ciki da mai shayarwa da yara da masu ciwon ƙoda su nemi shawarar likita kafin su bar wani rukunin abinci. Abin da masu goyon bayan tsarin da masu sukarsa suka haɗu a kai shi ne rage sukari da abincin masana'anta, kuma wannan kowa zai iya farawa daga abin da yake motsa baki da shi.