Haruffa Masu Ɗigar Jini

A makon jiya na tsaya gaban wani shagon aski a Magajin Gari, cikin Birnin Gwari. An rubuta sunansa da jan fenti, kowane harafi yana ɗiga kamar jini, ƙafafunsa a karkace tamkar faratan dodo. Alhali aski kawai ake yi a ciki. Taku kaɗan daga nan akwai shagon maganin feshi, inda ake sayar da guba ta gaske, amma allonsa kore ne shar, har da zanen fure.

Wannan salon rubutu baƙo ne. Turawa sun raine shi a fastocin finafinan ban tsoro da kuma bikinsu na Halloween, ranar 31 ga Oktoba. Daga baya ya shiga kwamfuta, kamar samfurin Chiller da Andrew Smith ya zana a 1995. Mu kuwa ta gidajen kallo ya iso mana, sannan finafinan aljanu da matsafa na Kano suka ɗauka, masu rubutun allo suka kwaikwaya da buroshi.

Ban raina gwanintarsu ba, domin hannunsu ya fi na'ura sanin harshenmu. Yawancin irin waɗannan haruffa na kwamfuta ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Ka nemi a buga maka "haɗari", sai a miƙo maka "hadari". Gargaɗi ya koma albishirin ruwan sama. Mai buroshi kuwa lanƙwasa ɗaya zai yi, magana ta daidaita.

Damuwata ita ce inda ake ajiye tsoron. Mutanen wannan masarauta sun shafe fiye da shekara 10 suna ganinsa ido da ido, a hanyar Kaduna da dazukan Kamuku da Kuyambana. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mene ne amfanin yi wa maraya ado da jini a ƙofar shagon aski? Kuma ido yana sabawa: idan kowane allo yana razanarwa, ranar da allo ya faɗi gaskiya ba mai waiwayarsa.

Tun bayan sulhun Nuwamba 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu, manoma da dama suka koma gona. Yanzu ne ake bukatar harafi mai tsayar da mutum cak: a bakin ramukan haƙar zinare, a jikin tiransifoma, da kan jarkar maganin feshi da ake wankewa a zuba ruwan sha. Ba mu manta da gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ba. Wanda bai iya karatun boko ba yana gane jan launi da ƙoƙon kai. In an ƙara da ajami, saƙo ya cika.

Don haka, malamai masu buroshi, ku yi tattalin jan fentinku. Ku ba mai aski shuɗi, ku kai jan inda rai yake cikin haɗari, kuma kada ku manta da lanƙwasar.