Wanda Ya Ƙi Biyan Kuɗin Jarida Ya Bar wa Gwamna Ita

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta na Hausa. Sunanta ya ɗauko farashinta, ya kuma ɗauko hujjar biyan farashin. Yau jikokin masu ba da kwabon nan, waɗanda suka zama likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da manyan ma'aikatan banki, su ne ke cewa jarida ta yi tsada, ba ta cancanci kuɗinta ba, tunda labarin da ke cikinta ya riga ya iso wayarsu kyauta tun daren jiya. Wannan lissafi kuskure ne, kuma asarar da ke cikinsa ta fi kuɗin da ake tattali.

Tsadar gaskiya ce, babu mai musunta. Takardar da ake buga jarida a Najeriya daga waje ake shigo da ita, domin masana'antar takarda ta Oku Iboku da ke Akwa Ibom ta daina aiki tun shekarun 1990. Tawada da kayan gyaran injin ɗab'i su ma da dala ake sayo su. Da gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake canzawa a kan kusan naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a 2024. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ninka kuɗin motar da ke kai jarida Sakkwato da Maiduguri kafin gari ya waye. Magidancin da shinkafa da kuɗin makaranta suka sha masa kai yana da uzurinsa. Maganar ba da shi ake ba. Da wanda ke biyan DStv duk wata ake, wanda ke zuba dubbai a data ba tare da ya ƙirga ba, amma in an zo kan jarida sai ya tuna tattali.

Hujjarsa ita ce labari ya zama kyauta. Sai dai abin da ke yawo a Facebook da WhatsApp wani ne ya fara nemo shi. Akwai wakilin da ya shiga mota ya je ƙauyen da aka kai hari, ya ƙirga kaburbura, ya kira kakakin 'yan sanda, sannan edita ya tace abin da ya rubuto, lauya ya duba ko za a iya kare shi a kotu. Kowane ɗayansu albashi yake ci. Mai shafin da ya kwafe labarin ya manna masa sabon kai bai biya ko sisi ba, kuma ranar da wakilin ya rasa aikinsa mai shafin ba zai samu abin kwafewa ba sai jita-jita.

Idan mai karatu ya ƙi biya, wani zai biya a madadinsa. Kamfanonin da a da ke cika shafuffukan jarida da talla sun karkatar da kaso mai yawa na kuɗinsu zuwa Google da Facebook. Abin da ya rage shi ne tallan gwamnatocin jihohi, da shafuffukan taya murnar zagayowar ranar haihuwar sanata, da ambulan ɗin kuɗin mota da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taron manema labarai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Editan da albashin ma'aikatansa ya rataya a kan tallan gidan gwamnati zai yi dogon tunani kafin ya buga labarin asibitin da aka ware wa kuɗi ba a gina ba. Ƙwararren da ya daina sayen jarida saboda, a cewarsa, ta zama 'yar amshin shatan masu mulki, yana cikin waɗanda suka tura ta can.

Arewa ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. New Nigerian, wadda aka kafa a Kaduna a 1966, ta taɓa zama jaridar da shugabannin ƙasa ke tsoron sharhinta. Ta dogara da gwamnati, daga baya ta koma hannun gwamnonin jihohin Arewa, bashin albashi ya taru, ta ɓace daga teburin dillalai, ta tafi da Gaskiya Ta Fi Kwabo. A Legas kuwa jaridar NEXT ta Dele Olojede, wadda ta yi suna wajen tono badaƙalar harkar man fetur, ta rufe a 2011 bayan masu talla sun ƙaurace mata. Masu yaba mata sun yi yawa, masu biya ba su kai su riƙe ta ba. A shekarar nan ce New York Times ta Amurka ta fara karɓar kuɗi daga masu karanta ta a intanet, ana yi mata dariya. Yau masu biyanta sun haura miliyan 10.

Za a ce jaridu ma suna kuskure. Suna yi. A watan Yulin 2024 Daily Trust ta buga labari kan yarjejeniyar Samoa wanda ya tayar da ƙura a masallatai da majami'u. Hukumar karɓar ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai ta bincika, ta samu labarin ba daidai ba ne, jaridar ta amince da hukuncin ta nemi afuwa a fili. Hakan ya yiwu ne domin tana da adireshi da edita mai suna da mutuncin da take tsoron zubarwa. Saƙon murya da aka tura sau dubu a WhatsApp ba shi da wanda za a kira ya janye shi. Adireshin nan dai shi ne sojoji suka mamaye a Abuja da Maiduguri a watan Janairun 2019 saboda labarin da ta buga kan shirin yaƙi da Boko Haram a Baga. Wannan ma yana cikin abin da kuɗin jarida ke saye: mutanen da suka yarda a san inda suke.

Ba lallai ne a riƙe takarda a hannu ba. Akwai bugun da ake turowa ta waya a kan kuɗi kaɗan, akwai jaridun intanet irin su Premium Times da ke karɓar gudummawar masu karatu, akwai Aminiya ga mai son Hausa. Ofishin lauya, ko ɗakin malaman makaranta, ko asibiti mai zaman kansa, kowanne yana iya ɗaukar nauyin kwafi ɗaya da mutum goma za su karanta. Abin da ake nema ga mai albashi shi ne ya zaɓi jarida guda da ya yarda da aikinta, ya sa kuɗinta cikin kasafin wata kusa da na wutar lantarki, kuma ranar da ta yi ƙarya ya rubuta wa edita a matsayinsa na wanda ya biya.