Waiwaye: Tauraron da Aka Ce Ya Mace, Ya Yi Tartsatsi

Akwai wasu halittu a sararin samaniya da suka fi duniyar Mushtari nauyi amma ba su kai tauraro ba. Nauyinsu yana kamawa daga kusan ninki 13 zuwa ninki 75 na Mushtari, kuma wannan bai isa ya kunna wutar haidirojin a cikinsu yadda Rana take yi ba. Su ake kira wadannin taurari masu ruwan ƙasa. Tun 1962 masanin taurari Shiv Kumar ya ce lallai suna nan, amma sai a 1995 aka tabbatar. Ɗaya daga cikin na farko, Teide 1, a cikin Kaza da 'Ya'yanta aka gano shi.

Da aka same su, ba kowa ya sa ran za su yi wani motsi ba. Abin da bai kama wuta ba, me zai fitar?

A 1998 Ralph Neuhäuser da Fernando Comerón suka ba da labarin ganin hasken eksire daga wani jaririn wadan tauraro a gajimaren Kamiliyon, da na'urar ROSAT ta Jamus. Wannan babban abu ne, domin hasken eksire ba ya fitowa sai iska ta yi zafin miliyoyin digiri, alhali fuskar irin wannan halitta ba ta ko kai rabin zafin fuskar Rana ba. Maganaɗisu ne ke wannan aiki. Cikin wadan yana tafasa daga ƙasa har sama, ga shi yana juyawa da sauri, sai wannan motsi ya haifar da igiyoyin maganaɗisu da ke murɗewa su tsinke, su dafa iskar da ke samansa. Yana yaro, zafinsa ya isa iskar ta ɗauki caji, maganaɗisu ya samu abin kamawa. Idan ya tsufa ya huce, sai iskar ta daina jin kiransa, eksiren ya dushe.

Shi ya sa abin da ya faru ranar 15 ga Disamba 1999 yake burge ni har yau. An saita na'urar eksire ta Chandra kan wadan tauraro LP 944-20, wanda ya kai shekara kusan miliyan 500, wato ya bar ƙuruciya. Awa tara ba a ga komai ba. Sai kwatsam ya yi tartsatsi, ya ɗauki kamar awa biyu yana lafawa. Garwashi ne da toka ta rufe. Da an gajarta kallon, da an rubuta cewa ya mace.

Ba a gama mamaki ba, wasu ɗalibai da ke aikin hutu suka juya na'urorin rediyo na VLA da ke Niyu Meziko zuwa gare shi a shekarar 2000. Akwai ƙa'idar da masana suka yarda da ita, ta Güdel da Benz, wadda ke auna ƙarfin rediyon tauraro daga ƙarfin eksirensa, kuma bisa lissafinta babu abin da za a ji. Amma ɗaliban, wato Edo Berger da abokansa, suka ji sigina da ta ninka hasashen kusan sau 10,000. An buga sakamakon a mujallar Nature a 2001.

A ganina laifin ba na ƙa'idar ba ne. An ɗebo ta daga taurari masu zafi, aka ɗora wa halittar da ba irinsu ba, har aka kusa daina dubawa. Ashe maganaɗisun yana nan da ƙarfinsa, hanyar fitarsa ce ta canza. A 2015 Gregg Hallinan da tawagarsa suka nuna cewa wani wadan tauraro mai suna LSR J1835+3259 yana da hasken da ke rawa a sama irin na Mushtari, amma mai ƙarfi nesa ba kusa ba.

Malaman kimiyya, idan ɗalibi ya nemi ya auna abin da littafi ya riga ya yanke wa hukunci, ku ba shi na'ura da lokaci ya auna.