Ruwan Damargu: doka na nan, saura alamar iyaka

Kowa ya san Damargu ƙasar gero ce da dabbobi, amma ƙishirwa ba ta nisa da ita. Idon ruwa mai ɓuɓɓuga kamar na Gidimuni ba shi ne arzikin Olelewa, Tanut ko Belbeji ba. Abin da kakanni suka bari a can shi ne tabkuna masu riƙe ruwan damina, da tsofaffin rijiyoyi masu zurfin gaba da yawa. Su ne tarihin yankin, domin kusan kowane gari a bakin rijiya aka kafa shi.

Yau matsi ya zo musu. Gonaki suna cin bakin tabkuna kaɗan kaɗan, rairayi yana cike su, burtalin da ke kai garke mashaya yana ƙuntata. Ga kuma manyan masu buƙata: matatar man fetur ta Soraz, wadda aka buɗe a shekara ta 2011 cikin ƙasar Olelewa, da birnin Damagaram mai shan ruwan rijiyoyin burtsatse na Ganaram. Buƙatarsu halal ce, sai dai tana nuna cewa ruwan Damargu ya sami masu lissafi da shi fiye da da.

To, mece ce kariyar talaka? Ba a rasa doka ba. Ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar tsarin karkara mai lamba 93-015. A shekara ta 2010 aka ƙara biyu: dokar ruwa ta 1 ga Afrilu, wadda ta sa tabkuna da ruwan ƙarƙashin ƙasa cikin dukiyar al'umma, da dokar kiwo ta 20 ga Mayu, wadda ta hana mutum ya mallake filin kiwo shi kaɗai. Wannan ta biyu ba kyauta aka ba makiyaya ba. Ƙungiyoyinsu, irin su AREN da aka kafa a 1990, sun shafe shekaru fiye da goma ana taro ana gardama kafin a sa mata hannu.

Amma doka tana magana a dunƙule ne; ba ta ambaci sunan tabkin garinku ba. Nan aikin yake. Sai mutanen gari, da maigari da ardon makiyaya, sun kai batun gaban kwamitin ƙasa da ake kira Kofo, na gari ko na gunduma. Kwamitin ya fito ya zaga wurin gaban shaidu, a yarda da iyaka, a kafa ginshiƙan siminti, a rubuta cikin kundi. Ran da rigima ta tashi, wannan takarda ce alƙali zai duba, ba "haka muka tarar" ba. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suna da rawa babba a nan, tun da su ke iya karanta wa jama'a abin da aka rubuta kafin a dangwala yatsa.

Wasu za su ce ai a nemi babban suna, kamar yadda aka sa tabkin Gidimuni da na Madarumfa cikin jerin yarjejeniyar Ramsar a 2019. Abin farin ciki ne, amma suna ba ya tare garma. Kuma ba kowane tabkin da ke ƙafewa da bazara zai kai wannan matsayi ba.

Ga ma'aikata kuwa, abin dubawa shi ne kuɗin fita: kwamiti marar mai a mota da siminti ba ya kafa iyaka ko ɗaya. Lokacin aikin kuma rani ne, bayan an kawar da amfanin gona, kafin a sake share bakin tabki da sunan shuka.