Zauren Harshe: Tsakanin "may" da "must"

Ya ku iyaye masu duba darasin yara, ga wani wuri da Ingilishi ke rikita wanda ya saba da Faransanci. Inda Faransanci ke wadatuwa da "pouvoir", Ingilishi na da "may", "might" da "could", dukkansu da ma'anar mai yiwuwa, sai dai "might" ta ɗan fi rauni. Idan abokin ciniki ya rubuto daga Legas cewa kaya "may arrive" ranar Litinin, to bai ɗauki alkawari ba. Kada a karɓi kuɗin jama'a bisa wannan magana. Shi kuwa "he must be home" ba umarni ba ne, zato ne mai ƙarfi: lalle yana gida. Kishiyarsa "he can't be home" ne, domin "mustn't" hani take yi.