Jarin Da Ba Ya Haihuwa

'Yan'uwana mata, akwai wata dabara da wasu mazan Amurka suka ƙware a kanta, ya kamata mu santa. Mutum zai sayi sabuwar bindiga, ba zai harba ta ko sau ɗaya ba, ya barta cikin kwalinta da takardunta, ya kulle a akwatin ƙarfe. In matarsa ta yi magana sai ya ce ai jari ne, nan gaba za ta ninka kuɗinta.

Wai jari! Jarin da ba ya haihuwa, sai ma cin kuɗin mai don kada tsatsa ta kama shi. Wallahi akuya ta fi shi, ko ba komai ita tana haihuwa.

Na san abin da za su ce. Za su kawo zancen Colt Python, wadda aka daina ƙerawa a 2005 ta yi tsada. Haka ne. To amma ranar da mutum ya saya, ya san za a daina? Sa'a ce kawai, kuma a 2020 kamfanin ya dawo da ƙera ta. Don me ba sa ba da labarin Winchester? A 1966 kamfanin ya fitar da bindigar tunawa da cikarsa shekara 100, ya ƙera fiye da dubu 100. Masu saye da yawa suka ɓoye tasu, kowa na jiran ta yi wuyar samu. Ina za ta yi wuyar samu alhali dubbai na nan kwance cikin kwali, sababbi fil?

Kada dai mu cika yi musu dariya. Haka aka ce wa iyayenmu jeren kwalla da samira dukiya ne, ana gogewa ba a ci a ciki. Da yayin tangaran ya shigo, nawa dillaliya ta taya? Gara gwal, a ɗora a sikeli ki karɓi kuɗinki a ranar.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne matar. Da ita aka tsuke cefane aka tara, amma ba lallai ne an taɓa gaya mata nawa aka sayi ko guda ɗaya ba. Ranar da mai gidan ya kwanta dama, ita za a bari da dillalan da suka san kuɗin kowace bindiga, suna taya mata yadda suka ga dama.